Jagorar Sauya Man Girki da Enzayim da Auna Narkewarsa da Jurewarsa ga Zafi

Kusan duk man da ake ci, na tsiro ne ko kitsen dabba, ya ƙunshi ƙwayoyin da ake kira tiragilisarid, kuma kowace ƙwaya tana da gindi na gilisarol mai gurabe uku, inda asid ɗin mai guda uku suke maƙale, ɗaya a gurbi na farko, ɗaya a na tsakiya, ɗaya a na uku. Irin asid ɗin da ke cikin mai da kuma gurbin da kowanne ya zauna su ne ke sa wani mai ya kasance ruwa-ruwa ko a cikin firiji, wani kuma ya daskare a zafin ɗaki. Tirayolin, wanda asid ɗin oleyik ya cika gurabensa uku, yana narkewa a kusan digiri 5 na ma'aunin Selshiyas, alhali tirasitiyarin, wanda sitiyarik ya cika nasa, ba ya narkewa sai wajen digiri 72.

Shekaru da dama masana'antu suna taurara mai ta hanyar sanya masa iskar haidurojin rabi da rabi, hanyar da take haifar da kitsen tiransi mai illa ga zuciya. Denmak ta taƙaita wannan kitse zuwa kashi 2 cikin 100 na mai a 2003, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke a 2015 cewa man da aka taurara ta wannan hanya ya fita daga jerin abin da ake ɗauka mara haɗari, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi daga abincin da ake sarrafawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka maye gurbinsa ita ce musayar gurabe da enzayim ɗin lifes (enzayim sinadari ne daga halittu mai hanzarta sauyi, lifes kuma shi ne mai aiki a kan mai), wato a gauraya mai mai tauri da mai mai ruwa-ruwa, a bar enzayim ya ciro asid daga wata ƙwaya ya ɗaura a wata. Kamfanin ADM ya fara yin haka a matakin kasuwanci a garin Quincy na jihar Illinois a 2002.

Abin da ya kamata mai aikin ya riƙe tun daga farko shi ne cewa enzayim yana sauya wurin zaman asid ne kawai, adadinsu da nau'insu suna nan yadda suke. Saboda haka narkewar man tana sauyawa sosai, amma jurewarsa ga zafi da iska ba ta ƙaruwa don an yi musaya, sau da yawa ma raguwa take yi saboda abin da ake rasawa wajen tsarkakewa. Dole a auna kowanne daban.

Mataki na farko: a fayyace abin da ake nema

Kafin a kunna kowace na'ura, sai a rubuta yadda ake son kitsen ya kasance a zafi daban-daban. Majarin da za a shafa kai tsaye daga firiji yana buƙatar kada daskararren ɓangarensa ya wuce kusan kashi 32 cikin 100 a digiri 10, ya kai aƙalla kashi 10 a digiri 20 don kada mai ya tsatso daga jikinsa, sannan ya ragu zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a digiri 35, domin kada ya bar danƙo a baki. Kitsen biskit da na kek yana son faɗin zango, wato ya riƙe taushinsa daga sanyi zuwa ɗumi ba tare da saurin narkewa ba. Kitsen da zai tsaya a madadin man koko kuwa akasin haka ake so, ya yi tauri a zafin ɗaki ya kuma narke gaba ɗaya tsakanin digiri 32 da 35. Idan man suya ake nufi, to jurewar zafi ce a gaba, narkewa ta biyo baya.

Mataki na biyu: zaɓen mai da zaɓen enzayim

Haɗin da aka fi amfani da shi iri biyu ne. Na farko shi ne ɓangaren manja mai tauri, wanda ake kira sitiyarin, tare da man ƙwarar manja ko man kwakwa, misali kashi 70 da kashi 30. Na biyu shi ne man waken soya da aka cika shi da haidurojin gaba ɗaya, wanda kusan babu kitsen tiransi a cikinsa, tare da man waken soya na ruwa ko man kanola.

Ana iya hasashen sakamakon da lissafi tun kafin gwaji, kuma wannan lissafin yana rage ɓarnar kaya. A ce an haɗa kashi 30 na cikakken tauraren man waken soya da kashi 70 na man waken soya na ruwa, wanda shi kansa yake da cikakkun asid, wato irin su sitiyarik masu sa mai tauri, kusan kashi 15. Jimillar cikakkun asid a haɗin ta kai kusan kashi 40. Kafin musaya, kusan kashi 30 na ƙwayoyin man cike suke da cikakkun asid a gurabe uku, kuma su ne ke sa haɗin ya yi danƙo kamar kakin zuma. Idan asid ɗin suka rarrabu ba tare da zaɓi ba, yiwuwar cikakku uku su haɗu a ƙwaya ɗaya ita ce 0.4 sau 0.4 sau 0.4, wato ƙasa da kashi 7. Akasarin sauran sun koma ƙwayoyi masu cikakken asid ɗaya ko biyu, waɗanda suke narkewa a matsakaicin zafi, kuma wannan shi ne asalin taushin da ake nema.

Enzayim ɗin da ake amfani da su an maƙala su a jikin ƙananan ƙwayoyi masu tauri, domin a iya tace su a sake amfani da su. Lipozyme TL IM, wanda aka samo daga Thermomyces lanuginosus aka ɗora a kan silika, shi ne aka fi yin majarin da shi. Lipozyme RM IM, daga Rhizomucor miehei, ya fi tsayawa a gurbi na farko da na uku ya bar na tsakiya, don haka shi ake nufa idan gurbin tsakiya ne abin kiyayewa, kamar a madadin man koko, inda ake son oleyik ya zauna a tsakiya, ko a kitsen madarar jarirai, inda ake son falmitik a tsakiya kamar yadda yake a nonon uwa. Novozym 435, daga Candida antarctica, bai cika zaɓen gurbi ba.

Mataki na uku: tsabtace mai kafin ya taɓa enzayim

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne enzayim yake mutuwa da wuri. Man da za a yi aiki da shi ya zama tatacce, wanda aka cire masa danƙo da launi da ƙamshi, adadin feroksaid ɗinsa, wato ma'aunin fara lalacewarsa, ya zama ƙasa da 2, kuma babu ragowar sabulu ko ƙasar wanke launi a cikinsa. Abubuwan da mai yake haifarwa idan ya fara lalacewa suna kama jikin enzayim su raunana shi, haka ma ragowar asid, ciki har da sitirik da ake yawan zubawa a ƙarshen tacewa.

Sai a narkar da haɗin a digiri 80, a busar da shi a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska na kimanin rabin awa, sannan a ware wani ɓangare a ajiye ba tare da an sa masa enzayim ba. Wannan samfurin kwatanci ne, kuma duk awon da za a yi daga baya ba shi da ma'ana idan babu shi. A ajiye kuma kaɗan daga kowane mai na asali.

Shi ma enzayim yana zuwa da ruwa a jikinsa. Yana buƙatar ɗan ruwa kaɗan don ya yi aiki, amma idan ruwan ya yi yawa sai ya koma farfasa ƙwayoyin mai, ya saki asid ya bar ƙwayoyi masu asid biyu kawai. Maganin shi ne a fara juya sabon enzayim a cikin wani ɓangare na man sau biyu ko uku, ana zubar da man kowane karo, har adadin sakakken asid ya sauka ya daidaita.

Mataki na huɗu: musayar kanta

A ɗakin gwaje-gwaje, ana zuba man a kwalba mai riga ta ruwan zafi, a tsayar da zafin tsakanin digiri 60 da 70, a rufe saman man da iskar naitirojin, sannan a zuba enzayim kashi 4 zuwa 10 cikin 100 na nauyin man. A yi amfani da abin motsawa mai fiffike da ke ratayowa daga sama, domin sandar maganaɗisu da ke juyawa a gindin kwalba tana niƙe ƙwayoyin enzayim, su zama gari mai wahalar tacewa. Zafin ya kasance sama da inda ɓangaren da ya fi tauri yake narkewa, in ba haka ba kitse zai daskare a ramukan enzayim ya toshe su.

Ana ɗibar samfur a minti 30, awa 1, awa 2, awa 4 da awa 6, a tace shi nan take don aikin enzayim ya tsaya. Idan awon daskararren ɓangare ko na nau'in ƙwayoyi ya daina sauyawa tsakanin samfur biyu a jere, musayar ta kai iyakarta, kuma ci gaba da dafawa ba ya ƙara komai sai ɓarna. Ɓarnar da ta fi damun masu kiyaye gurbin tsakiya ita ce ƙaurar asid daga tsakiya zuwa gefe, wadda take ƙaruwa da zafi da ruwa da tsawon lokaci. Shi ya sa enzayim da aka sani da zaɓen gurabe biyu na gefe yake iya ba da sakamako kusan irin na mara zaɓi idan an daɗe ana aikin. Ga mai yin majarin wannan ba matsala ba ce, amma ga mai yin madadin man koko asara ce.

A masana'anta ba a juya enzayim a tukunya, ana cusa shi a cikin tankuna da aka jera ɗaya bayan ɗaya, man yana ratsa su a hankali a kusan digiri 70. Tankin farko, mai ɗauke da tsohon enzayim, shi yake shanye dattin man ya kare na bayansa.

Mataki na biyar: tsarkakewa

Bayan tacewa, man yana ɗauke da sakakken asid fiye da yadda ya shigo. Ana cire shi da tururi a ƙarƙashin zuƙar iska mai ƙarfi, a zafin da ya kai digiri 220 zuwa 240. Yana da kyau a tsaya a ƙasan wannan zango gwargwadon iko, saboda dalilai biyu. Tururin yana tafiya da tokoferol, wato sinadarin bitamin E da ke kare mai daga iska, sannan ƙwayoyi masu asid biyu suna rikiɗewa a zafi mai yawa su zama gurɓataccen sinadarin gilisidil, wanda Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa maikurogiram 1,000 a kowane kilo na man girki. Wannan sinadari ne ya sa kamfanin Kao na Japan ya janye man Econa daga kasuwa a 2009, man da aka ƙera da enzayim domin ya ƙunshi irin waɗannan ƙwayoyi da yawa. Samfurin kwatanci ma a raba shi biyu, a bi da rabi ta wannan zafi da tururi, domin daga baya a iya bambance illar enzayim da illar tsarkakewa.

Mataki na shida: auna siffofin narkewa da daskarewa

Awo mafi sauƙi shi ne na zafin zamewa, wanda ƙa'idar awo ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 6321 ta tsara. Ana tsoma siririn bututun gilashi mai buɗaɗɗen baki biyu a narkakken mai har ya hau kusan santimita 1, a daskarar da shi, a bar shi a sanyi na awa 16, sannan a ɗaura shi a jikin ma'aunin zafi a tsoma a ruwa ana ɗumamawa a hankali, kada ya wuce digiri 1 a minti, a kuma rage saurin idan an kusa. Zafin da kitsen ya zame ya hau sama shi ake rubutawa. A haɗin mai tauri da mai ruwa-ruwa, wannan adadi yana sauka bayan musaya, amma adadi ɗaya ne tak, kuma kitse biyu masu zafin zamewa iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a baki da wajen murzawa.

Awon da ya fi bayani shi ne na kason daskararren kitse da na'urar NMR, bisa ƙa'idar ISO 8292 ko AOCS Cd 16b-93. Ana narkar da samfur sarai domin a goge duk wata siffar daskarewa da ya zo da ita, a ajiye shi a digiri 0 na awa 1, sannan a ajiye shi minti 30 a kowane zafin da za a auna, kamar digiri 10, 20, 25, 30, 35 da 40. Man koko da danginsa ba sa bin wannan gajeren tsari, ana ba su awa 40 a digiri 26 kafin awo saboda jinkirinsu wajen zama a siffarsu ta ƙarshe, kuma wanda ya tsallake wannan zai samu adadin da ba za a iya kwatanta shi da na kowa ba. Idan aka zana sakamakon, layin haɗin da ba a taɓa ba yakan kwanta ya ja doguwar jela har bayan digiri 40, na wanda aka yi wa musaya kuwa yakan gangara ya ƙare da wuri. Wurin da ya fi cancantar kallo shi ne digiri 35 da 40, domin a nan ake ganin ko ƙwayoyi masu cikakken asid uku sun ragu kamar yadda lissafi ya nuna.

Na'urar DSC, mai zana yawan zafin da kitse yake sha ko saki yayin narkewa da daskarewa, tana nuna abin da ke faruwa a tsakanin waɗancan maki. Ana rufe miligiram 5 zuwa 10 na mai a ƙaramin kwanon alminiyam, a kai shi digiri 80 na minti 10, a sanyaya shi da saurin digiri 5 a minti zuwa ƙasa da sifili sosai, sannan a sake ɗumama shi da saurin nan. Haɗin asali yakan nuna tudu biyu masu nisa da juna, na ruwa-ruwa da na mai tauri, bayan musaya kuma tudun sama yana ƙanƙancewa, sababbi su fito a tsakiya. Saurin sanyaya yana sauya inda tudun yake fitowa, don haka ba a kwatanta awo biyu sai an yi su da sauri ɗaya.

Akwai kuma siffar kiristal ɗin kitse, wadda take da muhimmanci fiye da yadda sabon shiga yake zato. Kitse yana daskarewa a siffa uku, alfa da bita-firam da bita. Alfa ba ta daɗewa, bita-firam ƙananan allurai ce masu riƙe mai da iska su ba da laushi, bita kuwa manya ce, kuma ita ke sa majarin ya yi tsaki-tsaki a harshe bayan ya kwana biyu a ajiye. Ana bambance su da hasken eksire: alfa tana ba da alama a 4.15 na angistirom, ma'aunin tazara ƙanƙanuwa ƙwarai, bita-firam a 3.8 da 4.2, bita a 4.6. Musaya takan karkata kitse zuwa bita-firam, saboda tana gauraya asid masu tsawo daban-daban a ƙwaya ɗaya, kuma haɗin da ke da falmitik da yawa ya fi dacewa da haka. A auna bayan kwana ɗaya, a sake aunawa bayan makonni a zafin ajiya, domin sauyawar ba ta bayyana a ranar farko. Cakulan kuwa yana son akasin haka, siffarsa mai kyau daga dangin bita take.

Mataki na bakwai: auna jurewa ga zafi da iska

A fara da sakakken asid, domin shi ne mafi arha kuma yana faɗin abubuwa da yawa. Ana narkar da man a barasar gwaji mai ɗumi, a ɗiga masa ruwan kostik soda mai ƙarfin 0.1 har launin alama ya juya, sannan a ninka mililitar da aka kashe da ƙarfin ruwan da 28.2, a raba da nauyin samfur a giram, a samu kason sakakken asid cikin 100. Ga manja ana sa 25.6 a madadin 28.2. Wannan adadi shi ke juya zafin hayaƙi. Tataccen mai mai sakakken asid ƙasa da kashi 0.1 ba ya hayaƙi sai sama da digiri 200, amma idan asid ɗin ya kai kashi 1 sai hayaƙi ya fara tun kafin a kai zafin suya na digiri 180. Idan man da aka sauya ya yi saurin hayaƙi, tsarkakewa ce ba ta kammala ba.

Sai adadin feroksaid da adadin anisidin. Na farko yana auna matakin farko na lalacewa, kuma ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta sa iyakarsa a 10 ga tataccen mai. Sai dai feroksaid yana tarwatsewa a zafi, saboda haka man da ya fito daga tururi yana iya nuna kusan sifili ko da ya sha wahala a baya. Anisidin yana kama aldehaid ɗin da suka rage, masu kawo warin tsohon mai. Ana haɗa su biyun ta hanyar ninka feroksaid sau biyu a tara da anisidin, misali feroksaid 1 da anisidin 3 sun ba da 5.

Gwajin gaggawa shi ne na Rancimat, bisa ƙa'idar ISO 6886. Ana ɗumama giram 3 na mai a digiri 110 ko 120, ana hura masa iska, tururin da ya fito yana shiga tsabtataccen ruwa, kuma lokacin da ƙarfin wucewar lantarki a ruwan ya yi tsalle shi ne lokacin da kariyar man ta ƙare. Kowane ƙarin digiri 10 yana rage wannan lokaci da kusan rabi, shi ya sa ba a rubuta sakamako ba tare da zafin da aka yi gwajin ba. Wannan gwaji yana da kyau wajen jera samfura daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, amma ba ya faɗin watanni nawa man zai yi a ajiye, domin yadda mai yake lalacewa a digiri 120 ya bambanta da yadda yake lalacewa a digiri 25.

A nan ne samfuran kwatanci suke biyan wahalarsu. Idan man da aka sauya ya gaza haɗin asali amma ya yi daidai da haɗin da aka bi da shi ta tururi, tokoferol ne aka rasa, kuma ana tabbatar da haka da awonsa kai tsaye. Idan ya gaza dukansu biyu, sai a duba ƙwayoyi masu asid ɗaya ko biyu da suka rage, da ragowar ƙarfe ko tagulla, da kuma ko iska ta shiga lokacin musaya. Abin da ke tsayar da iyakar jurewa tun asali shi ne yawan tagwayen ɗauri a cikin asid, wato wuraren da haidurojin bai cika ba: linoleyik mai biyu ya fi oleyik mai ɗaya saurin kama oksijin ninki da yawa, linolenik mai uku kuma ya fi shi. Enzayim ba ya taɓa waɗannan ɗauri, don haka haɗin da ke cike da man waken soya ba zai kamo na manja ba ko yaya aka jera gurabensa.

Ga man suya, babu abin da ke maye gurbin suya ta gaske. Ana riƙe man a digiri 180 na awoyi da dama kowace rana, ana soya abu iri ɗaya da nauyi ɗaya a tazara ɗaya, ana ɗibar samfur a ƙarshen kowace rana a auna kauri da launi da sakakken asid da jimillar gurɓatattun sinadarai masu son ruwa. Ƙasashen Turai da dama sun sa iyakar waɗannan sinadarai tsakanin kashi 24 da 27, inda ake zubar da man. A auna su tun kafin a kunna wuta, domin ƙwayoyi masu asid biyu suna shiga wannan lissafi, kuma man da aka yi wa musaya, musamman na manja, yana iya farawa da adadi mai ɗan yawa ba tare da ya lalace ba. Saurin hawan adadin daga rana zuwa rana shi ne abin kwatantawa.

Idan narkewa ta yi daidai amma jurewa ta gaza, ba a komawa kan enzayim, ana gyara abin da ke kewaye da shi: a rage zafi da tsawon lokacin tururi, a mayar da tokoferol ko wani sinadarin kariya da doka ta yarda da shi, a zuba ɗan asid ɗin sitirik a ƙarshen tsarkakewa domin ya kama ragowar ƙarfe, a kuma cika mazubi a ƙarƙashin naitirojin. Idan duk da haka bai kai ba, sai a koma mataki na biyu a maye wani kaso na man ruwan da irin mai yawan oleyik, kamar kanola ko man furen rana da aka inganta don haka, sannan a sake awon daskararren kitse daga farko, domin sabon haɗin zai zo da nasa layin narkewa.